Tawakkali da Tanadi: Matsayin Shirin Gida Kafin Ɗaukewar Wuta a Bazara

Daga tsakiyar watan Maris zuwa saukar damina, lokacin da Hausawa ke kira bazara, zafin rana a Kano da Sakkwato da Maiduguri da Maraɗi da Yamai yakan haura digiri 40 a ma'aunin Salshiyas, kuma a daidai wannan lokaci da jama'a suka fi bukatar fanka da firji da injin jan ruwa ne wutar lantarki ta fi yawan ɗaukewa. Wannan haɗuwar tsananin bukata da ƙarancin samu tana tayar da wata tsohuwar mas'ala da malaman tauhidi da na fiƙihu da na sufanci suka daɗe suna tattaunawa, wato dangantakar tawakkali, wanda shi ne dogaron zuciya ga Allah a kan samun amfani da kau da cuta, da riƙo da sababi, wanda shi ne aikata abin da aka saba ganin yana kai wa ga amfanin ko yana kau da cutar. Magidancin da ya tanadi batir da fitila da randar ruwa tun kafin zafi ya tsananta, shin ya rage wani abu daga dogaronsa ga Ubangiji, ko kuwa wanda ya zauna bai tanadi komai ba, yana cewa abin da aka rubuta ba ya kankaruwa, shi ne ya yi sakaci da amanar da aka ɗora masa? Amsar wannan tambaya ba ta da wuya ƙwarai, kuma magabata sun ba da ita, amma a bayanta akwai wata tambayar da ta fi ta nauyi, wadda ba kasafai ake yin ta ba: tanadin da gida ɗaya ya yi wa kansa, me yake jawo wa gidan da ke jikin katangarsa da kuma unguwar da yake cikinta?

Kafin a kai ga hukunci dole a fahimci abin da ake hukuntawa, domin ɗaukewar wuta a bazara tana da dalilai sanannu waɗanda ke maimaituwa kowace shekara. Mafi yawan wutar Najeriya ana samar da ita ne a tashoshin iskar gas da ke kudancin ƙasar, sannan a turo ta arewa ta dogayen layuka, ragowar kuma tana fitowa daga madatsun ruwa irin su Kainji da aka kammala a 1968, da Jebba, da Shiroro, da Zungeru, waɗanda ruwan wasunsu kan ja baya a ƙarshen rani kafin sabon ruwa ya sauko. Abin da ke isa ga jama'ar da ta haura miliyan 200 ya daɗe yana kai-kawo tsakanin megawat 4,000 da 5,000, adadin da ko a lokacin sanyi bai wadatar ba. Idan zafi ya zo, kowane gida yana kunna duk abin da ke ba da iska ko sanyi a lokaci guda, sai nauyi ya yi wa taransifomar unguwa yawa, alhali man da ke cikinta, wanda aikinsa shi ne sanyaya ta, ya riga ya yi zafi saboda rana, don haka ko dai fis ya tsinke, ko a raba wutar tsakanin layuka da gangan, ko ita kanta taransifomar ta ƙone. A ƙarshen bazara kuma hadarin farko yakan zo da guguwa da tsawa, ya karya turaku, ya haɗa wayoyi. A kan waɗannan dalilai na yanayi akwai na hannun mutane: Maiduguri ta shiga dogon duhu daga Janairun 2021 bayan an fasa turakun layin da ke zuwa mata daga Damaturu, Jamhuriyar Nijar, wadda a lokacin take sayen kaso mafi tsoka na wutarta daga Najeriya, ta rasa wannan wuta daga Agustan 2023 zuwa Maris na 2024 saboda takunkumin da ya biyo bayan juyin mulki, a Oktoban 2024 kuma mafi yawan jihohin arewacin Najeriya sun yi kwanaki masu yawa ba wuta bayan lalata layin Shiroro zuwa Kaduna. Abin da ke faruwa a wannan tsari, shekara bayan shekara, ya fita daga jerin abubuwan da ke zuwa ba zato ba tsammani, ya shiga jerin abubuwan da mai hankali ke iya hangowa.

A nan ne wani rabe-rabe na ilmin tauhidi yake da amfani. Shehu Sanusi, malamin Tilimsan wanda ya rasu a 1490, wanda ƙaramin littafinsa Ummul Barahina ya yi ƙarnuka ana karanta shi a zaurukan ƙasar Hausa, ya bi tafarkin da ke kasa hukunci gida uku: na hankali, na shari'a, da na al'ada. Hukuncin al'ada shi ne tabbatar da alaƙa tsakanin abu biyu saboda yawan ganin su tare, kamar wuta da ƙuna ko abinci da ƙoshi, tare da yarda cewa alaƙar na iya saɓawa, kuma wanda ke halittar ƙunar da ƙoshin Allah ne, ba wutar ko abincin ba. Wasu suna jin wannan bayani sai su ɗauka cewa tunda sababi ba shi da tasiri na ƙashin kansa, to kula da shi ɓata lokaci ne, ko ma ɓoyayyar shirka ce. Wannan fahimta ta kauce, domin malaman da suka kore tasiri daga sababi ba su kore alaƙar ba, sun dai mayar da ita ga nufin Allah, suka ce haka ya gudanar da al'adarsa a cikin halittarsa. Idan kuwa haka ne, to dokar da ta sa ƙarfin wuta mai yawa yake ƙona kwamfuta, da dokar da ta sa nama ke ruɓewa a zafi, duka tsarin Mahalicci ne, kuma wanda ya yi biris da su yana jiran a saɓa su dominsa, yana neman a yi masa keta al'ada ne, abin da annabawa da kansu ba su gina rayuwarsu ta yau da kullum a kansa ba. Alƙur'ani ya ba da labarin Annabi Yusufu, wanda ya tsara ajiyar hatsi a cikin zangarniyarsa na shekara bakwai na yalwa domin shekara bakwai na fari. Buhari ya ruwaito cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yakan ware wa iyalinsa abincin shekara guda. Tirmizi ya ruwaito umarninsa ga mai raƙumi cewa ya ɗaure shi sannan ya dogara. Sayyidina Umar kuma ya juya da tawagarsa daga hanyar Sham da ya ji labarin annoba, ya bayyana wa Abu Ubaida cewa juyawar ma cikin ƙaddarar take. Maganar nan da ake yawan jingina wa Ubangiji cewa bawa ya tashi a taimake shi, ba aya ba ce kuma ba hadisi ba ce, azancin mutane ne, sai dai ma'anarta ba ta yi nisa da waɗannan nassosi ba.

Imam Gazali, a babin tauhidi da tawakkali na Ihya'u, ya yi wani bayani wanda ya fi wannan daki-daki, inda ya raba sabubban kau da cuta gida uku. Akwai yankakken sababi, kamar shan ruwa ga mai ƙishi, wanda barinsa ba ya cikin tawakkali ko kaɗan, kuma haramun ne idan ana tsoron mutuwa. Akwai wanda ake kyautata zaton amfaninsa, kamar shan magani ko ƙaho, wanda yin sa ba ya warware tawakkali. Akwai kuma na wahami, wato wanda amfaninsa zato ne mai rauni, wanda barinsa shi ne sharaɗin mai dogaro na gaskiya. Idan aka ɗora wannan ma'auni a kan shirin bazara, za a ga cewa abubuwa da yawa da mutane ke ɗauka a matsayin ganin dama sun faɗa a kashi na farko. Fitar da janareta daga cikin ɗaki da zaure da ƙarƙashin matakala yankakken sababi ne, domin hayaƙinsa yana ɗauke da wata guba mai suna kabon monoksaid, wadda ba ta da launi ko wari, tana shiga jini ta kama gurbin iskar da jiki ke rayuwa da ita, sai mai barci ya wuce ba tare da ya farka ba. Shi ya sa masana lafiya ke cewa a ajiye shi a fili, kimanin mita 6 daga ƙofa da taga. Magidancin da ya shigar da inji ɗaki don tsoron ɓarawo ya fifita tsaron dukiya a kan tsaron rai, kuma idan aka wayi gari iyali sun mutu, kiran abin da sunan ƙaddara kawai ba ya ɗauke masa tambayar sakaci. Haka nan tanadin ruwan sha, a garuruwan da ruwansu ya dogara da rijiyar burtsatse wadda sai da wuta take aiki, ya shiga wannan kashi, domin ranar da aka ɗauke wuta ita ce ranar da 'yan garuwa ke tsada, kuma ba a fafe gora ranar tafiya. Abin lura shi ne cewa iyakar da ke tsakanin kashi na farko da na biyu tana motsi gwargwadon ilmin zamani, ta yadda abin da kakanni suka sani a matsayin zato yana iya zama yaƙini a wajen jikokinsu, hukuncinsa kuma ya ƙara nauyi da ƙaruwar sanin.

Kare kayan lantarki na gida kuwa mafi yawansa yana cikin kashi na biyu, kuma asalinsa a shari'a shi ne hanin da aka yi ga tozarta dukiya. Mutane da yawa suna tsammanin ɗaukewar wuta ce ke lalata kaya, alhali mafi yawan ɓarnar tana faruwa ne kafin a ɗauke da kuma lokacin da aka dawo da ita. Kayan gida a Najeriya da Nijar an ƙera su ne don ƙarfin da ke kusa da bolt 230, amma da yamma a bazara, idan nauyi ya yi yawa, ƙarfin yakan faɗi ƙasa ƙwarai, kwan fitila ya yi ja, fanka ta riƙa juyawa da ƙyar, kuma a wannan hali injin firji da na jan ruwa suna jan wuta fiye da ƙima don su cike gurbin, har wayoyin cikinsu su yi zafi su ƙone. Idan kuma aka dawo da wuta, takan zo da wani tsalle na ƙiftawar ido wanda ke isa ya kashe ƙananan sassan talabijin da kwamfuta da cajar waya. Mafi muni shi ne idan wayar da ake kira nutural ta tsinke ko aka sace ta a taransifoma, domin a lokacin wasu gidaje na iya samun ƙarfin da ke kusantar bolt 400, sai duk abin da ke jone a layin ya tafi a lokaci guda. Maganin waɗannan ba duka ke cin kuɗi ba. Zare filogi daga soket da zarar an ɗauke wuta, da jinkirta mayar da shi na 'yan mintuna bayan an kawo, kyauta ne. Firji musamman yana bukatar hutun minti 3 zuwa 5 kafin a sake kunna shi, don matsin iskar da ke cikin bututunsa ya daidaita, kuma akwai ƙaramar na'urar da ake sa masa wadda ke yin wannan jinkiri da kanta. Sitabilaiza tana daidaita hawa da saukar ƙarfi, amma ba ta da saurin tare tsallen da tsawa ke haifarwa, wannan aikin wata na'ura ne daban, wadda ita ma ba ta da amfani idan gidan ba shi da ingantacciyar wayar da aka binne a ƙasa, kuma busasshiyar ƙasar bazara tana rage aikin wannan waya, don haka ya dace mai wayarin ya duba ta kafin hadari ya fara. Batir, wanda shi ne mafi tsada a cikin kayan sola, zafi ne babban maƙiyinsa: irin na dalma rayuwarsa tana raguwa da kusan rabi a duk ƙarin digiri 10 sama da 25, yana bukatar ɗaki mai iska saboda yana fitar da iska mai kamawa da wuta lokacin caji, mai ruwa kuma yana bukatar a riƙa cika masa tataccen ruwa. Allon sola da ƙurar hunturu ta rufe yana ba da ƙasa da abin da aka saye shi dominsa. Wanda ya ci bashi ya sayi waɗannan kaya sannan ya bar su a ɗakin kwano rufe ba kulawa, ya tozarta dukiya sau biyu, kuma ba a ganin yadda za a kira wannan zuhudu.

Sai dai tanadi yana da iyaka, kuma iyakarsa ita ce ke tilasta zaɓi. Batir mai bolt 12 da amfiya 200 yana ɗauke da kimanin wat 2,400 na awa guda, kuma idan na dalma ne bai kamata a sha fiye da rabinsa ba, ma'ana abin da ke hannu bai wuce 1,200 ba, wanda fankar sama guda mai cin wat 70 za ta cinye cikin kimanin awa 17, dutsen guga kuwa cikin awa ɗaya da 'yan mintuna. Tambayar wa za a ba wannan ɗan abin da ke akwai tambaya ce ta adalci a cikin gida, kuma malamin Andalus Shaɗibi, wanda ya rasu a 1388, ya bar ma'aunin da ya dace da ita a littafinsa Muwafaƙat, inda ya jera maslahohi hawa uku: larurori, waɗanda in babu su rayuwa ke rushewa, bukatu, waɗanda rashinsu ke jawo ƙunci, da kayan ƙawa, waɗanda ke kyautata rayuwa. Bisa wannan jeri, maganin da ke bukatar sanyi irin insulin na mai ciwon sukari, da iskar jariri da tsoho da mai jego, da cajin wayar da za a kira taimako da ita, suna gaban hasken karatun yara, shi kuma yana gaban kallon ƙwallo. A gidan da ke da mata fiye da ɗaya, jona ɗakin wata da barin na wata a duhu ya shiga babin adalcin da aka wajabta tsakanin mata, ko da littattafan fiƙihu na da ba su ambaci fanka ba. Abin takaici ne cewa a gidaje da dama layin inbata yana tsayawa ne a turakar maigida, alhali waɗanda ke yini a gaban murhu da waɗanda jikinsu ya fi rauni suna can ciki. Zafi ba wasa ba ne ga irin waɗannan: a farkon Afrilun 2024, cikin watan azumi, zafi ya kai digiri 48.5 a Kayes ta ƙasar Mali, kuma asibitin Gabriel Touré na Bamako ya ƙidaya mutuwar mutum 102 a kwana huɗun farko na watan, da yawansu tsofaffi, a lokacin da birnin ke fama da matsanancin rashin wuta.

Kada a fahimci cewa tanadi na mai kuɗi ne kaɗai, domin shari'a ba ta ɗora wa rai sai gwargwadon ikonsa, kuma mafi yawan gidajen ƙasar Hausa ba su da inbata, wasu ma turakun wuta ba su taɓa isa garinsu ba. Randa da tulu suna sanyaya ruwa ta hanyar zufar da ke fita ta jikin yumɓu, kuma a kan wannan tsohuwar hikima ce wani malamin makaranta a Jigawa, Muhammad Bah Abba, ya yaɗa dabarar sa tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani don adana kayan lambu, aikin da ya samu kyautar Rolex a kansa a shekarar 2000. Ginin ƙasa mai kaurin bango da rufin soro yana jinkirta shigar zafi fiye da bulo da kwano, kwana a tsakar gida cikin gidan sauro ya fi cunkuso a ɗaki a lokacin da sanƙarau ke yaɗuwa, jiƙa zane ko jiki kuma yana da muhimmanci idan zafi ya kai matuƙa, domin fanka a busasshiyar iskar da ta haura digiri 40 tana iya ƙara wa jiki zafi maimakon rage shi. Wanda ke da firji kuma ya isa ya san cewa in ba a buɗe shi ba yana riƙe sanyi na kimanin awa 4, cikakkiyar firiza kuma har kwana biyu.

Mas'ala ta biyu, wadda ta fi nauyi, tana farawa ne daga bayan katanga. Ƙa'idar da Imam Malik ya ruwaito a Muwaɗɗa, wadda ta hana cutarwa da ramuwar cutarwa, malaman Malikiyya sun gina hukunce-hukuncen maƙwabtaka masu yawa a kanta, har wani magini a Tunis a ƙarni na 14, Ibnur Rami, ya tattara littafi guda a kan hukunce-hukuncen gini, inda ya yi magana a kan hayaƙin tanderu da warin majema da girgizar da dutsen niƙa ko dabba ke jawo wa bangon maƙwabci, da lokacin da alƙali zai sa a kau da su. Janaretan da aka kai ƙarshen gida don kada ya dami masu shi, aka juya bututun hayaƙinsa ya fuskanci tagar ɗakin da 'ya'yan wani ke kwana, ya faɗa cikin wannan babi kai tsaye, kuma kasancewar mai shi yana cikin mulkinsa ba ya wanke shi. Haka ajiye jarkokin fetur a ɗaki a cunkusasshiyar unguwa, wanda ya ƙaru tun bayan cire tallafin mai a Mayun 2023, yana jefa layi guda cikin hatsarin gobara don amfanin gida ɗaya. Akwai kuma cutar da ba a gani: wanda ya jona janareta ko inbata da wayoyin gidansa ba tare da makunnin da ke raba su da layin gwamnati ba, wutarsa tana komawa baya ta hau turaku, taransifoma ta ɗaga ƙarfinta, ta iske ma'aikacin da ya hau gyara yana da tabbacin layin a mace yake. Wanda ya kewaye mita ya jona na'urar sanyaya ɗaki yana ganin kamfani yake cuta, amma nauyin da ya ƙara a kan taransifomar da ta riga ta gaji, maƙwabtansa ne za su biya shi da makonnin duhu da kuɗin karo-karo.

Bayan wannan akwai wata illa mafi zurfi wadda ba ta da hayaƙi ko ƙara. Duk gidan da ya wadatu da wutar kansa yakan daina damuwa da wutar kowa, kuma waɗanda suka fara wadatuwa su ne masu murya, wato attajirai da manyan ma'aikata da masu mulki, waɗanda in da suna kwana cikin zafi irin na kowa da ba za a bar taransifoma ta yi wata uku a mace ba. Ta haka tanadin ɗaiɗaiku, wanda a kansa halal ne kuma abin yabo, yana iya zama hanyar da al'umma ke sauke wa kanta farillar kifaya, wato aikin da idan wasu suka tsaya da shi ya faɗi daga kan saura, idan kuma kowa ya bari kowa ya yi laifi. Samar da abin da rayuwar gari ba ta tsayuwa sai da shi yana cikin wannan nau'i, kuma Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, a Usulus Siyasa, ya lissafa raya sana'o'i da gyaran kasuwanni da hanyoyi cikin abin da ke wuyan shugaba. A nan ma ana yawan amfani da kalmar ƙaddara ba a muhallinta ba. Malamai sun bambanta tsakanin musiba da aibi, suka ce ana kafa hujja da ƙaddara don samun natsuwa a kan abin da ya sami mutum ba da hannunsa ba, amma ba a kafa hujja da ita don wanke mai laifi daga laifinsa. Zafin bazara musiba ce da ake haƙuri da ita. Kuɗin gyaran da aka karkatar, da wayar da aka sace, da aikin da aka karɓi ladansa ba a yi ba, aibi ne, kuma haƙurin da ke hana a tambayi masu shi ba ya cikin haƙurin da aka yaba.

Saura tambayar ko maƙwabci yana da haƙƙi a cikin wutar da wani ya tanada da kuɗinsa. Abu Dawuda ya ruwaito hadisin da ya sa mutane tarayya a ruwa da makiyaya da wuta, kuma da yawa daga masu sharhi sun fassara tarayya a wuta da cewa ba a hana mutum kunna fitilarsa daga wutar wani ko amfana da haskenta, tunda hakan ba ya rage wa mai ita komai, amma ba a tilasta masa ba da itacen da ya saya. Risalar Ibnu Abi Zaid, wadda kusan kowane almajirin fiƙihu a ƙasar Hausa ya bi ta kanta, ta kawo wani hukunci mafi kusa: mai rijiya a gonarsa yana da ikon hana ruwanta, sai fa idan rijiyar maƙwabcinsa ta rufta alhali yana da shukar da yake tsoron ta mutu, to a lokacin ba a hana shi rarar ruwan, kuma malamai sun yi saɓani a kan ko zai biya kuɗi ko ba zai biya ba. Ƙiyasin wutar sola a kan wannan ba ya tafiya daidai a kowane lokaci, domin abin da ke cikin batir da dare ajiya ce mai ƙarewa, kuma kowane zagayen caji yana rage rayuwar batirin, don haka ya fi kama da itacen da aka saya, wanda ba da shi kyautatawa ce ba wajibi ba, in dai ba rai ne ke cikin hatsari ba. Amma da tsakar ranar bazara, bayan batir ya cika, na'urar da ke kula da caji tana tsayar da abin da allon zai iya bayarwa, sai ƙarfin ya tafi a banza ba tare da kowa ya amfana ba, kuma wannan rara ce ta haƙiƙa a ma'anar da malaman fiƙihu ke nufi. Idan aka haɗa wannan da sharuɗɗan da Risala ta ambata, wato yankewar hanyar maƙwabci ba da sakacinsa ba da kuma tsoron asarar da ba ta da makwafi, abin da ya fi rinjaye shi ne cewa mai firjin da ke aiki da sola ba shi da hujjar ƙin karɓar ajiyar maganin maƙwabcinsa mai ciwon sukari a ranakun da layin unguwa ya mutu, kuma mai rijiyar burtsatse da sola ke jan ruwanta ba shi da hujjar kulle famfon waje a tsakiyar rana alhali tankinsa ya cika, ko da yake saɓanin da ke kan karɓar kuɗi yana nan yadda malamai suka bar shi, kuma mai karɓar abin da bai wuce kuɗin gyara da lalacewar kaya ba yana da magabata a ɗaya daga cikin maganganun biyu.